Babi na Shida: Ramin da Ba Ya Cika

Wanda ya san Danchadi shekaru ashirin ko talatin da suka wuce, in ya zaga ta yau, zai lura da wani sauyi tun kafin ya yi sallama a gidan kowa. Zai ga siririn bututun roba yana leƙowa ta bayan katanga, ya ga faffaɗan kankare a ƙofar gida ko a bakin lungu, inda yara ke taruwa da yamma. Haka abin yake a Boɗinga da Sifawa, haka yake idan ka bi titin Jega ka sauka Shagari. Ma'aikacin da ya ajiye aiki ya dawo gida, da ɗan kasuwar da albasa ta karɓe shi, da saurayin da ya gina wa amarya ɗaki mai banɗaki a ciki, kowa so yake ya rabu da salga ya koma masai na zamani da ake kora wa ruwa. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Sai dai salga, duk da warinta da ƙudajenta, ba ta ɓoye cikarta. Kana leƙawa ka gani. Shi kuwa sokawe an rufe shi da kankare, an shafe bakinsa da siminti, an juya baya an manta da shi.

Shi ya sa za ka ji maigida yana bugun ƙirji a majalisa: "Wanga rami nawa, tun da aka gina shi ban taɓa kwashewa ba." Jama'a su yaba wa birkilan da ya yi aikin, wani ma ya nemi a haɗa shi da shi. Ni kam duk lokacin da na ji irin wannan yabo, tambayar da ke zo mini ita ce: to ina abin yake tafiya? Mutum goma suna shiga banɗaki kullum, shekara da shekaru, ba a kwashe ba, bai kuma cika ba. Ƙasa ce ta sha. Kuma ƙasar da ta sha, ita ce rijiyar gidan take tatsa.

Bari mu buɗe murfin mu ga yadda aka tsara abin tun asali. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras ne ake danganta wa ƙirƙirar tankin sokawe, wajen 1860, ya kuma yi masa rajista a 1881. Ga tsarin da ake bi yau. Ramuka biyu ne, kowanne da aikinsa. Na farko tanki ne da aka gina da bulo, aka zuba masa daɓen kankare a ƙasa, aka yi masa filasta ciki yadda ba zai yoyo ba. Akan raba shi gida biyu da bango, gidan farko ya ɗauki kamar kashi biyu cikin uku. Abin da ya fito daga banɗaki nan yake fara sauka. Idan ka taɓa ɗebo ruwan gulbi da damina ka zuba a randa ka bar shi ya kwana, ka ga aikin tanki: laka ta kwanta a gindi, haki ya taso sama, ruwa ya tsaya a tsakiya. A tanki, mai nauyi yana nutsewa ya zama dagwalo, maiƙo da kumfa su taru a sama su yi ɓawo, ruwan tsakiya ya bi wani bututu mai siffar harafin T ya wuce rami na biyu. Amfanin wannan T ɗin shi ne bakinsa yana nutse a ƙarƙashin ɓawo, saboda haka ruwa kaɗai yake ɗauka. Ana so ruwa ya yi aƙalla kwana guda a tanki kafin ya wuce.

Rami na biyu shi ne ainihin mai tsotsewa. Ba a yi masa daɓe, ana barin ƙofofi tsakanin bulo, wasu su cika shi da duwatsu, domin ruwan ya riƙa tsatsafowa cikin ƙasa a hankali, ƙasa tana tace shi.

A cikin dagwalon nan akwai ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa ba tare da iska ba. Su ne ke cin ƙazantar, su mayar da wani kaso nata ruwa da gas. Zafin Sakkwato, inda bazara kan haura digiri 40, yana taimaka musu, domin sun fi aiki da ɗumi. Amma ba sa cinyewa duka. Akwai saura da ba ya narkewa, ga yashin da ke biyo ƙafa, ga abin da yara suka jefa. Wannan saura shi ke taruwa shekara bayan shekara, kuma babu hanyar fitarsa sai ta sama, da tiyo ko da bokiti.

Matsala ta farko daga wurin gini take farawa. Da yawan abin da ake kira sokawe a garuruwanmu rami ɗaya ne tak: an haƙa, an jera bulo, an bar ƙasan a buɗe, an zuba kankare a sama. Birkila ya rage wa maigida kuɗin siminti da rodi, ya kuma yi masa albishir cewa wannan ba ya cika. Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangare, musamman a jigawa inda yashi ke shanye ruwa nan da nan. Abin da bai faɗa ba shi ne ya gina salga ce mai murfin kankare, wadda kuma ake tura mata ruwa ninkin-ba-ninkin abin da tsohuwar salga take samu daga buta. Ruwan nan shi ke ɗaukar ƙwayoyin cuta ya yi nisa da su.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya da hukumomin agaji suke aiki da ita ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin da ke tsotsewa da rijiya, gindin ramin kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake tsayawa. To auna ka gani. Filin da aka saba yankawa, ƙafa 50 a ƙafa 100, tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne da 'yan kai. Ko da ka kai rijiyarka ƙuryar gabas ka kai raminka ƙuryar yamma, ramin maƙwabcinka yana iya kasancewa a jikin katangar da rijiyarka take. Saboda haka wannan ba lissafin gida ɗaya ba ne. Kafin a sa diga a ƙasa, kamata ya yi a leƙa gidan dama da na hagu da na baya, a tambayi inda rijiyoyinsu suke, in abin ya ƙi daidaituwa a kira mai unguwa ko duba-gari. A gidajen da ke gangaren fadama, inda ake tarar da ruwa a gaba biyu ko uku, maganar ta fi tsanani, domin da damina ruwan ƙasa yana tasowa har ya haɗu da gindin ramin.

Mutanen Landan sun koyi wannan darasi da tsada. A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe mutum sama da 600. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano kusan dukkansu daga famfon titin Broad suke sha, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da ramin masai na wani gida bai kai mita ɗaya da rijiyar ba, bulonsa ya zagwanye, kuma a cikinsa aka riƙa zubar da ruwan wankin tsumman wata jaririya da ta kamu da cutar. Abin da ya fi tsaya mini a labarin shi ne ruwan famfon nan ya yi suna wajen daɗi. Akwai wata dattijuwa da ta tashi daga unguwar ta koma Hampstead, amma ta sa ana kai mata shi har gida saboda ta fi son ɗanɗanonsa. Ita ma cutar ta tafi da ita.

A ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa yana karantarwa, ƙanensa Abdullahi kuma yana Boɗinga, ba a buƙatar koya wa kowa muhimmancin tsarki. Yaro tun yana Ishmawi ya san cewa ruwan da najasa ta sauya wa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi bai halatta a yi alwala da shi ba. Wannan ma'auni ne na ibada, kuma yana nan daram. Lafiyar ciki kuwa tana da nata ma'aunin daban, domin ƙwayar kwalara da ta taifot ba sa sauya ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ruwa yana iya zama garau, mai sanyi, mai daɗi, ya kwantar da gida guda. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Sakkwato tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Mu koma kan wanda ya yi sa'a aka gina masa tanki na gaskiya. Yaushe zai kwashe?

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana shawartar masu gidaje su kwashe duk shekara 3 zuwa 5, kuma wannan adadi ya yaɗu har wasu masu aikin famfo a nan suna maimaita shi. Amma gidan Ba'amurke mutum biyu ne ko uku a kan tanki mai cin lita kusan 4,000. Namu lissafin daban ne. Injiniyoyi sukan ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana barin dagwalo lita 40 zuwa 60 a shekara. Ɗauki tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin ruwa mita ɗaya da rabi. Lita 3,000 ke nan. Ana so a kwashe idan dagwalo ya kai kashi ɗaya cikin uku, wato lita 1,000. Gida mai mutum goma zai kai nan cikin shekara biyu. Gidan gandu mai mata biyu da 'ya'ya da jikoki da almajiran da ke kwana a zaure, mutum ashirin, shekara guda ta ishe shi.

Ba sai an yi ta canki-canki ba, ana iya aunawa. A sami doguwar gora, a naɗe ƙasanta da farin tsumma kamar tsawon mita guda, a ɗaure tam. A buɗe murfin gidan farko, a ja da baya a bar shi ya sha iska, kada a kusanto da wuta ko taba. Sannan a huda ɓawon da gorar, a tura ta a hankali har ta taɓa daɓe, a bar ta 'yan mintoci, a zaro ta tsaye ba tare da karkatawa ba. Ruwan tsakiya zai jiƙa tsumman ne kawai ya bar shi ruwan toka, dagwalo kuwa zai bar baƙin shafi mai kauri, da iyakarsa a fili. A gwada tsawon baƙin da tsawon inda gorar ta jiƙe gaba ɗaya. In ya kai sulusi, lokaci ya yi. Aikin bai fi na rabin sa'a ba, sau ɗaya a shekara, kuma kada mutum ya yi shi shi kaɗai.

Yawancinmu ba ma yin haka. Muna jira sai masai ya fara jan ruwa da kyar, yana gurnani idan an kora, wari ya cika tsakar gida, ko a ga wani wuri a bayan ɗaki ya yi danshi da tsanwar ciyawa a tsakiyar rani. Kafin waɗannan alamu su bayyana, ɓarnar ta riga ta auku. Dagwalo ya cika tanki ya tsallaka rami na biyu, ya toshe ƙofofin ƙasa da wani yauƙi mai kama ruwa. Daga nan ko an kira mota ta kwashe tankin, bayan 'yan makonni ruwa zai sake dawowa, sai maigida ya ce masu mota sun cuce shi. Ba su cuce shi ba. Ramin tsotsewar ne ya mutu, kuma maganinsa sai haƙa sabo. Kuɗin kwashewa a kan kari bai kama ƙafar kuɗin bulo da siminti da lebura na sabon rami ba.

Akwai kuma dabarun gida da ake gada daga bakin maƙwabta: a zuba kananzir, ko baƙin mai, ko kabaid, ko gishiri, ko Izal kwalba guda, wai don abin ya "sauka". Waɗannan suna kashe bakteriyar da ke yi maka aiki kyauta, baƙin mai kuma yana bin ƙasa ya isa rijiya. Haka garin maganin da 'yan talla ke yawo da shi suna rantsuwa yana cinye masai. Masu bincike a Jami'ar KwaZulu-Natal da ke Durban sun gwada ire-iren waɗannan magunguna a kan dagwalon salga, ba su ga sun rage komai ba. Abin da ke tsawaita ran tanki shi ne abin da aka hana shi: leda, famfas ɗin yara, audugar mata, totuwa, tsumma, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo. Ruwan wanka da na wanki ya fi kyau a yi musu nasu ɗan ramin daban. A sa wa bututun iska raga a baki saboda ƙuda da sauro, a ɗaga shi ya wuce rufin ɗaki. Kada a dasa dogon-yaro kusa, saiwarsa tana bin danshi ta fasa bulo. Kada kuma a mayar da kankaren wurin ajiye mota.

Lokacin da ya fi dacewa da kwashewa shi ne bazara, watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka. Ƙasa a bushe take, mota tana iya shiga, kuma tankin zai shiga damina da sarari a cikinsa. Kwashe rami a watan Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, yana iya sa bango ya rufta ciki, musamman salgar da ba a yi mata gini ba.

Motar zuƙa daga birnin Sakkwato akan kira ta, kuɗin man zuwa da komawa kuma a kan mai gida yake. Shi ya sa ya fi sauƙi gida uku ko huɗu a layi ɗaya su haɗa rana. Idan ta zo, maigida ya tsaya a kan aikin. Tiyo ya fi son ruwa, dagwalon da ya shekara biyar yana daskarewa kuwa sai an zuba masa ruwa an dama da doguwar sanda kafin ya taso. Mai gaggawa zai zuƙe ruwan sama ya cika tankinsa, ya karɓi kuɗi ya tafi, ya bar ainihin abin da aka kira shi dominsa. Gorar nan mai tsumma ita ce shaida, a sake tura ta kafin a biya. A kwashe gida biyun duka, a duba ko T ɗin yana nan bai karye ba, a haska bango daga sama a ga ko ya tsage. Ba a buƙatar wanke tankin da magani. Ɗan abin da ya rage a gindi shi zai zama irin bakteriyar da za ta ci gaba da aiki.

Inda lungu ya yi wa mota ƙunci, ko aljihu bai kai ba, sai a koma ga masu yashewa da hannu, waɗanda a Kano ake kira "gidan kowa da akwai". Da dare suke aiki galibi, da bokiti da igiya da shebur, ba safar hannu, ba takalmin roba. Muna kiransu idan mun matsu, da safe kuma mu ƙi ba su hannu. Mafi girman hatsarin da ke kansu shi ne gas. Tanki yana tara iskar metan, mai kamawa da wuta, shi ya sa zura fitila ko ashana don "gwada iska" ganganci ne. Yana kuma tara haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iska nauyi, saboda haka a gindin rami take kwanciya. Idan ta yi yawa tana kashe jijiyar shaƙar wari, mutum ya ji kamar warin ya wuce, alhali a lokacin ne ya fi kusa da faɗuwa. Labarin da ake ji daga garuruwa daban-daban kusan iri ɗaya ne: waya ta faɗa masai, wani ya shiga ɗaukowa ya yanke jiki, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, na uku ya bi na biyu. Duk wanda ya ga mutum ya faɗi a irin wannan rami, kada ya shiga. A fasa murfin a faɗaɗa baki iska ta shiga, a nemi 'yan kwana-kwana, a yi ƙoƙarin jawo shi da igiya ko ƙugiya daga sama. Maigidan da ya ɗauko masu yashewa kuma, haƙƙi ne a kansa ya buɗe ramin tun da wuri ya sha iska, ya tanadi igiyar ɗaurawa a ƙugu, da sabulu da ruwan wanka, ya hana kowa sauka muddin ana iya aikin daga sama. Akwai wani famfon hannu mai suna Gulper da aka ƙirƙira musamman don irin wannan aiki, ana amfani da shi a Tanzaniya da Yuganda, kuma ba abin da ya fi ƙarfin mai walda na gari ba ne.

Saura tambayar da ba a cika yi wa mai mota ba: ina za ka kai? A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar zartarwa mai lamba 009, da burin kawo ƙarshen bahaya a fili kafin 2025, a 2022 kuma aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta kai ga haka. Binciken gwamnati na 2021 ya nuna mutum miliyan 48 ne har lokacin suke zagayawa daji. Ƙarfin wannan yunƙuri duk ya tafi ga gina masai. Amma kowane masai da aka gina rami ne da zai cika, in kuma aka kwashe shi aka juye a kwalbati ko bakin gulbi, bahayar gari guda ce aka yi a fili rana ɗaya, sai dai da mota aka kai ta.

Manoma suna son dagwalon, kuma suna da hujja, taki ne mai ƙarfi. A kewayen Kano an daɗe ana juye shi a gonaki da rani. Hatsarinsa ƙwan tsutsar ciki, wanda ke iya yin watanni da yawa a ƙasa bai mutu ba. Ɗanyen dagwalo bai kamata ya je fadamar latas da tumatir da karas ba, abubuwan da ake ci ba dafawa. Hanya mafi sauƙi a ƙauye ita ce a haƙa dogon rami a gonar tudu, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a juye a ciki, a rufe da ƙasa mai kauri, a bar shi shekara guda zuwa biyu. Bayan nan ya zama baƙar ƙasa marar wari da za a iya kai wa gero da dawa, ko a dasa itace a kansa. Wannan ramin a haƙa shi kafin ranar kwashewa, a kuma tura yaro babba ya bi motar ya ga inda ta juye.

Idan an gama, a mayar da murfi. Kuskuren da aka saba yi shi ne a sa birkila ya shafe bakin da siminti mai ƙarfi, yadda sai an kawo guduma kafin a sake buɗewa, daga nan kuma babu mai sake aunawa. A yi murfi ƙarami mai hannun rodi, wanda babba zai iya ɗagawa amma ya fi ƙarfin yaro, a toshe gefensa da kwaɓin da yashinsa ya rinjayi siminti. A rubuta wata da shekarar da aka kwashe a jikin bango da fenti, tare da adadin mutanen gidan a lokacin. Bazara mai zuwa a sake tura gora. Bambancin da aka gani a tsumma shi zai nuna ko gidan na shekara ɗaya ne, ko na biyu, ko na uku.